Littattafan histoloji da fiziyoloji ga ɗalibin ilimin ido: wanne za a saya, wanne za a ara?

Ɗalibin da ya shiga aji biyu a karatun duba ido, a Jami'ar Bayero ta Kano ne ko a wata jami'ar, sai ya wuce ta darussa biyu masu nauyi kafin a bar shi ya leƙa idon majinyaci. Akwai histoloji, nazarin sassan naman jiki a ƙarƙashin madubin likita, akwai kuma fiziyoloji, yadda gaɓoɓi ke aiki. Karatun na shekara 6 ne, aljihun ɗalibi kuma ba zai ɗauki kowane littafi ba. Shawarata ita ce kaso mafi tsoka na kuɗinka ya tafi kan littafin histoloji mai launi na ainihi. Na fiziyoloji kuwa, tsohon bugu ma ya wadatar.

Dalilin shi ne da launi ake karanta histoloji. Yawancin yankan naman da za a ɗora maka a ɗakin gwaji an rina su ne da hematoksilin da iyosin. Na farko yana mayar da cibiyar ƙwayar halitta shuɗiya mai shunayya, na biyu yana mayar da sauran jikinta da zaren kolajin ruwan hoda. Injin fotokofi kuwa duk toka-toka yake fitar da su. Ɗauki koniya, fatar nan garai-garai da ke gaban ido, wadda kaurinta a tsakiya bai wuce rabin milimita da ɗan ɗoriya ba. A hoto mai kyau za ka ga rufin ƙwayoyin halitta hawa biyar zuwa shida a sama, sai siririn layin Bowman, sai sitiroma da ta cinye kusan kashi 90 cikin 100 na kaurin, sai layin Descemet, sai jeri ɗaya tak na ƙwayoyin ciki masu zuƙe ruwa don koniya ta zauna tas. A fotokofi layin Bowman narkewa yake cikin sitiroma, ranar jarrabawar firaktikal kuma shi malami zai ɗora wa tsinke ya ce ka faɗi sunansa.

Littattafai huɗu ne suka fi yawo a hannun ɗalibai. Junqueira yana da bayani mai zurfi, yana ɗaure siffar kowane nama da aikinsa, hotunansa kuma masu kyau ne, sai dai ido da kunne babi ɗaya suka raba. Wheater hoto ne a gaba, bayani a gefensa, shi ya sa ya fi kama da abin da za ka gani a madubi. diFiore yana da zane-zane masu launi da aka sa wa kowane sashe suna, kuma duk wanda malaminsa ke sa zana abin da aka gani a littafin firaktikal zai ji daɗinsa. Inderbir Singh bugun Indiya ne, na kamfanin Jaypee, Turancinsa mai sauƙi, kuɗinsa ma yawanci ya fi sauƙi. In ɗaya za a saya, ni Wheater zan ɗauka, domin bayani za ka samu a lacca da handawut, amma hoto mai tsabta ba kowa zai ba ka ba. Wanda Turancin likitanci ke ba shi wuya tukuna ya fara da Inderbir Singh, babu abin kunya a ciki.

Kafin ka biya, buɗe babin ido a gaban mai shago. Akwai bugun jabu da yawa masu bango mai sheƙi, ciki kuwa launi ya zuba. Nemi hoton retina, shimfiɗar da ke karɓar haske a bayan ido, ka ƙirga hawanta goma. In jeri uku na cibiyoyin ƙwayoyin halitta ba su fito daban-daban ba, ko ƙananan rubutun da ke nuna sassa sun dusashe, ajiye shi ko da an yi maka ragi. Duba lambobin shafi kuma, domin akan tsallake wasu wajen ɗinki.

A fiziyoloji an fi kokawa tsakanin Guyton da Sembulingam. Guyton, wanda aka fara bugawa a 1956, ya haura shafi 1,000, kuma yana bin dalili daki-daki har ka gane me ya sa abu ke faruwa. Ya ware wa ido babi uku. Sembulingam a jere yake kawo bayanai, gajeru-gajeru, ya dace da daren jarrabawa, amma yana saurin jan ɗalibi zuwa hadda. Ganong a dunƙule yake, ya fi amfani ga wanda ya riga ya gane darasin. Na fi son ɗalibi ya samu Guyton na hannu daga 'yan ajin gaba, ko da bugu biyu ne a baya, ya riƙa aron Sembulingam lokacin bita. Yadda zuciya ke bugawa da yadda jijiya ke kai saƙo ba su sauya ba tsakanin bugu da bugu.

Kada ka yarda da masu cewa ɗalibin ido babin gani kawai yake buƙata. Timolol da ake ɗiga wa mai hawan jinin ido yana iya bi ta bututun hawaye ya shiga jini, ya rage bugun zuciya, ya tayar wa mai asma da ciwonsa. Wanda ya tsallake babin jijiyoyin da ke aiki da kansu ba zai hango wannan haɗari ba. Haka ciwon siga, ƙananan hanyoyin jinin retina yake lalatawa, ba kuma za ka fahimci abin da kake gani a bayan ido ba sai ka san ginin bangon waɗannan hanyoyi.

Littafin ido zalla zai iya jira zuwa aji uku. A nan ne ake bin ruwan cikin ido tun daga inda ake samar da shi a bayan baƙin ido har ya fice ta magudanar Schlemm, da dalilin da ya sa matsinsa ke zama tsakanin 10 da 21 a ma'aunin milimitar makyuri ga yawancin mutane. Littafin Remington don ɗaliban duba ido aka rubuta shi, ya haɗa siffa da aiki da abin da ake gani a asibiti. Na Khurana ya fi sauƙin samu. Adler kuwa na masu zurfafa bincike ne, a laburare ya kamata ka same shi. A wannan rukuni ne sabon bugu ke da rana: a 2013 Harminder Dua na Jami'ar Nottingham ya bayyana wani ƙarin layi a koniya gab da na Descemet, masana na ta muhawara a kai, tsofaffin bugu kuma ba su ambace shi ba.

Akwai na kyauta a intanet da za su rage maka nauyi. Shafin Histology Guide yana ba ka damar zuƙo yankan nama kamar kana kan madubi, OpenStax na Jami'ar Rice a Amurka yana da cikakken littafin jikin ɗan Adam da za a sauke, Webvision na Jami'ar Utah kuma ya yi zurfi a kan retina. Matsalarsu data da caji, allon waya kuma ya yi wa yankan retina ƙanƙanta. In kuna da kwamfuta ko da ɗaya ce a ɗaki, ku uku ko huɗu ku haɗa kuɗi ku sayi Wheater na ainihi, ku riƙa buɗe shafin kusa da littafin kuna gwada hoto da hoto kafin ranar firaktikal.