Na leƙa Ole Red, gidan kiɗan Blake Shelton a Nashville

Ni dai tun ina yaro nake jin waƙoƙin country, wato salon kiɗan karkara na Amurka, babanmu yana da kaset ɗin Don Williams da na Kenny Rogers a tsohuwar Fijo ɗinsa, duk tafiyar da za mu yi daga Kaduna zuwa gida su ne a kunnenmu har mu iso. Shi ya sa da wani taron aiki ya kai ni Nashville a jihar Tennessee ta Amurka na ce wallahi ba zan bar garin nan ba sai na taka titin Broadway da ƙafata.

Titin cike yake da gidajen kiɗa masu ɗauke da sunayen manyan mawaƙa, ga na Luke Bryan ga na Jason Aldean ga na Miranda Lambert, ga kuma na Garth Brooks. Abokina da ke karatu a garin ya ce mu shiga Ole Red na Blake Shelton, mutumin nan ɗan Oklahoma da ya daɗe yana alƙalanci a gasar waƙa ta talabijin The Voice daga 2011 zuwa 2023. A 2018 aka buɗe wajen, tafiya kaɗan ce daga tsohon zauren kiɗan nan da ake kira Ryman.

Ba a biyan ko sisi a ƙofa, katin shaida kawai suka duba muka wuce. Dandalin kiɗan yana ƙasa, akwai bene da ke kallonsa daga sama, can ƙololuwa kuma akwai wurin zama a rufin ginin da za ka hango titin gaba ɗaya da fitilunsa. Gidan giya ne fa, gara in faɗa tun yanzu don kada wani ya je ya sha mamaki. Ni lemo na sha da shayinsu mai ƙanƙara, ba wanda ya kalle ni wani iri. Abinci kuwa sai da na tambaya sosai saboda a wannan yankin naman alade yana shiga kusan komai, har cikin wake, yarinyar da ke hidimar teburinmu ta je kicin ta tambayo min ta dawo, daga ƙarshe dankali soyayye na ci da salak.

Shi Blake Shelton ɗin ba ya nan, dama ba kullum ake ganinsa ba, sunansa ne da hotunansa a bango. Amma gaskiya minti goma da zamana na manta da shi, saboda yaran da ke kan dandalin. Su biyar ne ba wanda na taɓa jin sunansa, akwai wata budurwa mai goge irin nasu, tana ja tana buga dunduniyar takalminta a katako gumi na ɗiga daga haɓarta, sai da ta tuna min da masu kukuma na wajenmu. Mai banjo ma idan ka rufe ido ka rantse gurmi ake kaɗawa, kuma ba banza ba, asalin banjo daga Afirka ta Yamma bayi suka tafi da shi.

Abin da ya taɓa ni shi ne bokitin da suka ajiye a gaba. Mawaƙan titin nan yawancinsu da abin da jama'a suka jefa suke rayuwa, liƙi ne dai kamar namu sai dai ba a goshi ba. Na saka dala 20 na roƙi waƙar Don Williams, mai jitar ya tambaye ni daga ina, na ce Najeriya, sai ya faɗa a lasifika aka tafa min. Da ya fara rerawa da muryar nan mai kauri a hankali, Allah ya sani idona ya kawo ruwa, baba kawai nake gani riƙe da sitiyari, Allah ya jiƙansa.

Shawarata ga wanda zai je, ya je da la'asar kafin dare ya yi, don bayan ƙarfe tara titin ba masaka tsinke, ga masu maye ga ƙara ta ko'ina. Kuma ya tafi da ƴan canji a aljihu saboda bokitin nan. Mu da magariba ta gabato muka fito muka gangara bakin kogin Cumberland, har can muna jiyo gogen yarinyar nan sama-sama.