Linux Mint ko OpenBSD, da batun filashin aro

Ƙanena, na ga tambayarka tun daren jiya, wayar ce ta mutu ban samu caji ba sai da safe. Ka ce ka sayo ThinkPad ta hannu a Beirut Road da Windows 10 a kanta, ga shi wa'adin kulawar da Microsoft ke yi mata ya ƙare tun 14 ga Oktoba 2025, injin kuma bai cika sharuɗɗan Windows 11 ba. Kana tsakanin Linux Mint da OpenBSD, tsare-tsaren gudanar da kwamfuta guda biyu da za su iya maye gurbin Windows. Sannan wani abokinka ya ce zai zuba maka ko wanne ka zaɓa a filashi don ka huta da sayen data, kai kuma zuciyarka ba ta kwanta da abin da ya biyo ta hannun mutane ba.

Bari in fara da zaɓin, don shi ne mai sauƙi. In laftof ɗin nan ita kaɗai gare ka, da ita za ka buga firojet, da ita za ka shiga Zoom, to ka sa Mint. Daga Ubuntu aka samo ta, Ubuntu kuma daga Debian da Ian Murdock ya fara a 1993, saboda haka duk matsalar da za ka ci karo da ita wani ya riga ka, ya kuma rubuta maganinta. Mint 22 za ta ci gaba da samun gyara har 2029. OpenBSD dabam take. Theo de Raadt ne ya ɓalle da ita daga NetBSD a 1995, duk wata shida suke fitar da sabuwa, kuma biyun ƙarshe kawai suke yi wa gyara, wato kusan shekara guda ka huta sai ka sake ɗagawa. Ba ta da Bluetooth sam, tun 2014 suka cire. Katin Wi-Fi na Intel da ke cikin yawancin ThinkPad yana aiki lafiya, amma sai an sauko masa da wani ɗan fayil bayan an gama girkawa, don haka ka tanadi waya ta LAN a ranar farko, in ba haka ba ka zauna kana kallon allo.

Akwai kuma abin da mutanen Kanada, inda OpenBSD take da gida, ba za su damu da shi ba amma mu a Kano dole mu duba: wuta. Laftof ta hannu da wuya batirinta ya riƙe awa guda. Ext4, tsarin jera fayiloli a faifai da Mint ke amfani da shi, yana ajiye ɗan kundin abin da yake shirin rubutawa a faifai, in an ɗauke wuta bagatatan sai ya duba kundin ya tashi cikin daƙiƙu. FFS, takwaransa na OpenBSD, ba shi da wannan kundin. In ta mutu babu sallama, sai fsck, manhajar duba lafiyar faifai, ya bi faifan yana dubawa kafin ta tashi, wani lokacin ma ya tsaya yana neman ka sa baki. Na sha yin wannan zaman a ɗaki cikin zafin watan Afrilu, ban ji daɗinsa ba.

Kada ka ɗauka kushe ta nake. A gidansu aka haifi OpenSSH a 1999, wanda ita kanta Mint da shi take shiga sabar nesa, kuma ban ga tsarin da bayanansa na man, wato jagorar amfani da ke zuwa a cikinsa, suka kai nata tsafta ba. Ko haruffanmu masu lanƙwasa ba matsala, buga umarnin `setxkbmap ng hausa` yana ba ka ƙ da ɗ da ɓ a dukkansu.

To, batun filashi, nan gizo ke saƙar. Ka karɓa, ba komai. Faifan Mint, wato babban fayil ɗin girkawa, ya kusa giga uku, na OpenBSD bai kai giga ɗaya ba, ba dalilin ƙona kuɗi a kan abin da ke aljihun abokinka. Abin da ba za ka karɓa daga hannunsa ba shi ne ma'aunin da za ka gwada kayan da shi.

Mutane da yawa suna tsayawa a SHA256, wata lamba da ake lissafowa daga fayil wadda take canzawa in an taɓa shi, su ga lambar ta yi daidai da ta shafin, su ce shi ke nan. A ranar 20 ga Fabrairu 2016 wani ya kutsa shafin Mint ya karkatar da masu saukewa zuwa faifan 17.3 Cinnamon da ya cusa wa ƙofar baya. Wanda ya iya canza inda ake saukewa, me zai hana shi canza lambar da ke rubuce a gefe? An ba kura ajiyar nama ke nan. Shi ya sa ake buga wa lambar hatimi. Masu tsarin suna da mabuɗi biyu da lissafi ya ɗaure su: na ɓoye yana hannunsu, da shi suke buga hatimin, na fili kowa na iya mallaka, aikinsa gane hatimin kawai, ba ya iya buga shi. Diffie da Hellman suka fito da dabarar a 1976, RSA, wata hanyar aiwatar da ita, ta biyo baya a 1977.

A nan ne hanyoyin biyu suka rabu sosai. Mint tana amfani da manhajar GnuPG ta Werner Koch, mai bin tafarkin PGP da Phil Zimmermann ya saki a 1991. Za ka sauko da sha256sum.txt mai lambar da sha256sum.txt.gpg mai hatimin, ka shigo da mabuɗinsu, ka buga `gpg --verify`. Zai ce hatimin ya yi kyau, a ƙasa kuma ya yi maka gargaɗin cewa ba shi da tabbacin mabuɗin na masu shi ne. Wannan gargaɗin ba kuskure ba ne, gaskiya ya faɗa. Kai ne za ka gwada zanen yatsan mabuɗin, haruffa da lambobi 40, da wanda ka samo ta wata hanya. GnuPG babban kanti ne: yana ɓoye saƙo, yana sa hannu, yana da ranar ƙarewar mabuɗi, da soke shi, da ƙananan mabuɗai. Yawan kayan ne ke ruɗa sabon shiga.

OpenBSD ta ƙi ɗaukar wannan kayan duka. Ted Unangst ya rubuta mata signify, ya shigo da fitowa ta 5.5 a 2014, aikinsa sa hannu da tantancewa, ba ƙari. Hanyar hatimi ta Ed25519 kaɗai ya sani, wanda mabuɗinsa na fili bayit 32 ne, hatiminsa 64, alhali hatimin RSA mai bit 4096 bayit 512 ne. Mabuɗin duka layi ɗaya ne mai haruffa 56, za ka iya kwafe shi a bayan takardar rasit. Abin da ya fi burge ni, kowace fitowa tana zuwa da mabuɗin mai bi mata a cikin /etc/signify, don haka sau ɗaya za ka sha wahalar tabbatarwa, daga nan sarƙa ce ke jan kanta. A wannan fagen, a gaskiya, na ba OpenBSD. Mint ma bayan girkawa apt, mai sauko mata da manhajoji, yana duba hatimin kowane jerin manhajoji da kansa, wahalar ta ranar farko ce kawai.

Ga yadda zan yi in ni ne. Ka kwafo babban faifan daga abokinka. Ƙananan fayilolin, waɗanda ba su kai nauyin hoto guda ba, ka sauko da su da datarka. Mabuɗin kuma ka duba shi a wuri biyu da ba su haɗa hanya ba, misali wayarka a layin MTN da kwamfutar wani a Airtel, ko injin wanda ya daɗe yana amfani da tsarin. In OpenBSD ɗin ce, ka tantance faifan kafin ka rubuta shi a filashi, domin SHA256.sig, fayil ɗin lambobin da hatiminsu, ba ya cikinsa, kuma mai girkawa zai tambaye ka ko ya ci gaba ba tare da tantancewa ba. A Mint akwai kunshin signify-openbsd da zai yi maka wannan aikin, wani dalilin ke nan da zai sa ka fara sa ta. In ka zo Farm Centre ranar Asabar ka kira ni, akwai SSD mai giga 128 da ba na amfani da ita, sai mu sa maka OpenBSD a kanta ka riƙa wasa da ita ba tare da ka taɓa firojet ɗinka ba.