PyMOL: tana nuna furotin da kyau, sai dai ka san lokacin da za ka ce mata ta sake zane

Da PyMOL, manhajar da ke zana siffar furotin a kwamfuta, nake nuna wa ɗalibaina tushen ciwon sikila. Mukan sauko da 2HBS, fayil ɗin siffar haemoglobin (furotin na jini) mai sikila, daga PDB, rumbun siffofin furotin na intanet, in shafa wa gurbi na 6 na sarƙar beta ja, su ga inda balin ya maye gurbin gulutamet, wato wani tubalin furotin ya zauna a wurin wani. Kusan kowane ɗalibi a ajin ya san wani mai wannan lalura, don haka ba na son hoton ya zo da kuskure ko ɗaya.

Marigayi Warren DeLano ne ya ƙirƙiro manhajar, kamfanin Schrödinger ya karɓi ragamarta a 2010. Akwai ta kuɗi, akwai ta kyauta, kuma ta kyautar ta ishe ni koyarwa. A wajen kyawun hoto ba ni da ƙorafi. Abin da ya fi riƙe ni shi ne da Python, yaren rubuta shirin kwamfuta, ake ba ta umarni: ka rubuta sau ɗaya, ka yi ta amfani da shi kowane zango.

To, a nan ne mutane ke shan wuya. Ɗalibi zai zo ya ce, "Malam, na canza komai, amma allon ya ƙi motsi." Galibi rubutunsa lafiya lau yake. PyMOL ta raba bayanan atom da zanen da kake gani. Umarnin alter bayanan kawai yake taɓawa. Ko girman atom ka canza, ko ka ce wannan yanki murɗaɗɗe ne, tsohon zanen yana nan daram sai ka bi shi da rebuild. In launi ka sauya ta wannan hanya, recolor kake buƙata. Shi kuwa refresh, wanda kowa ke fara rugawa gare shi, abin da aka riga aka gina yake sake haskawa, ba ya gina sabo. Da manhajar za ta riƙa yin gargaɗi a wannan gaɓa, da ta rage wa masu koyo wahala ƙwarai, domin ba ta nuna alamar kuskure, shiru kawai take yi.

Sai kuma fetch, umarnin sauko da furotin daga intanet. A tsofaffin fitowa, umarni na gaba yakan wuce tun furotin bai gama saukowa ba, sai a shafa launi a kan babu. Maganinsa a da async=0 ne, amma tun daga Python 3.7 kalmar async ta zama keɓantacciya ga yaren kansa, dole a rubuta async_=0 a cikin Python. Tsofaffin rubuce-rubucen da ake kwafowa a intanet da yawa a nan suke tsayawa. Ni dai, saboda yanayin intanet ɗinmu, tun a gida nake ajiye fayil ɗin, in buɗe shi da load.

Wanda ke tsoron rubuta umarni, ChimeraX, wata manhaja mai irin wannan aiki, za ta fi masa sauƙin farawa. Ɗalibin da zai yi bincike kuwa, PyMOL nake ɗora shi a kai, kuma darasin farko shi ne bambancin alter, rebuild da refresh.