Sabuwar Kwamfuta a Gida: Inda Kyauta Ta Wadatar da Inda Ya Dace a Kashe Kuɗi

Kwamfutar da aka gama ɗora wa babbar manhaja, irin su Windows, tamkar ɗaki ne da aka share aka yi wa fenti, babu abin da zai cika shi sai abin da mai ɗakin ya shigo da shi da hannunsa. A ranar farko tana tashi cikin 'yan daƙiƙu, duk abin da aka taɓa sai ya buɗe nan take, amma bayan 'yan watanni sai ka ji mai ita yana cewa ta yi nauyi, alhali ba ƙarfen ne ya gaji ba, kayan da aka jibga mata ne suka danne ta. Ra'ayina, wanda zan kare a nan, shi ne cewa mafi yawan manhajojin da gida yake bukata ana samunsu kyauta ta hanyar halal, kuma kuɗin da mutum ya ware ya fi dacewa ya tafi wurin da aka fi mantawa da shi, wato adana kwafin fayiloli.

Kafin a sauke ko da manhaja ɗaya, a fara barin kwamfutar ta sabunta kanta har sai ta ce babu sauran abin da ya rage, ko da hakan zai sa ta mutu ta sake tashi sau uku ko huɗu. Mutane suna ƙosawa da wannan mataki, amma tarihi ya nuna muhimmancinsa. A watan Mayu na 2017 muguwar manhajar nan ta WannaCry ta kulle fayilolin kwamfutoci a ƙasashe da dama, har da na asibitocin Ingila, alhali Microsoft ya riga ya fitar da gyaran ƙofar da ta bi tun watan Maris na shekarar. Waɗanda abin ya ci su ne waɗanda ba su ɗora gyaran ba. A nan ne kuma za a duba wace babbar manhaja ce a kan na'urar. Tallafin Windows 10 ya ƙare a ranar 14 ga Oktoba 2025, sai dai ƙarin shekara guda na gyaran tsaro ga wanda ya yi rajistarsa, saboda haka ɗora ta a yau gini ne a kan tushen da ake shirin rushewa. Windows 11 tana neman aƙalla RAM, wato ƙwaƙwalwar aiki ta kwamfuta, mai gigabayit 4, da wurin ajiya mai gigabayit 64, da ɗan guntun tsaro da ake kira TPM 2.0, ko da yake a aikace gigabayit 8 ne mafi ƙarancin abin da mutum zai yi aiki da shi cikin natsuwa. Idan na'urar ta tsufa har ba ta cika waɗannan sharuɗɗa ba, Linux Mint ko Ubuntu sun fi zama mafita a kan a tilasta mata abin da ba za ta iya ɗauka ba, muddin mai ita ba ya dogara da wata manhaja da sai a Windows take aiki.

Akwai wasu ƙananan abubuwa biyu da ba sa cin ko sisi amma suna hana babbar asara. Na farko, a buɗe asusu biyu: ɗaya na mai cikakken iko wanda ba a shiga sai za a girka wani abu, ɗaya kuma na yau da kullum, musamman idan yara za su riƙa taɓa kwamfutar. Na biyu, sababbin kwamfutoci da yawa suna rufe faifansu da makullin BitLocker ba tare da mai su ya lura ba, kuma ranar da wani abu ya sauya a cikin na'urar za ta iya tsayawa ta nemi lambar ceto mai alƙaluma 48. A nemo wannan lamba tun yau a cikin asusun Microsoft, a rubuta ta a takarda, a ajiye inda ake ajiye takardu masu muhimmanci.

Sai batun riga-kafin bairos, inda aka fi karɓar kuɗin mutane saboda tsoro. Windows tana zuwa da nata mai tsaro, Microsoft Defender, wanda yake aiki tun daga minti na farko kuma yake sabunta kansa tare da ita. A shekarun baya an raina shi, kuma akwai dalili, amma cibiyoyin gwaji masu zaman kansu irin su AV-TEST ta Jamus da AV-Comparatives ta Ostiriya sun daɗe suna auna shi kafaɗa da kafaɗa da waɗanda ake saya. Abin da Bitdefender, ESET ko Norton suke ƙarawa galibi shi ne wasu hidimomi na gefe, kamar sa ido a kan abin da yara suke kallo ko kula da na'urori da yawa daga wuri guda, kuma wanda yake bukatar waɗannan bai yi asara ba idan ya biya. Ga gidan da aikinsa bai wuce rubutu da karatu da kallo ba, Defender ya isa. Abin da ba shi da amfani ko kaɗan shi ne haɗa riga-kafi biyu suna aiki a lokaci guda, domin kowanne zai riƙa bincikar abin da ɗayan yake taɓawa, kwamfutar ce za ta sha wahala. Haka nan na gwaji da ake samu a kan sabuwar na'ura, wanda wa'adinsa yake ƙarewa bayan ɗan lokaci, a yanke shawara a kansa da wuri: ko a biya, ko a cire shi gaba ɗaya Defender ya karɓi aikinsa.

A wajen burauza, bambancin bai kai yadda ake zato ba. Chrome da Edge da Brave da Opera duk a kan inji ɗaya suke tafiya, wato Chromium, kuma Edge ta koma kansa ne a 2020, don haka shafin da ya buɗe a ɗaya zai buɗe a sauran. Firefox ta gidauniyar Mozilla ce kaɗai a cikin manyan da ke kan Windows take da nata injin. Wanda rayuwarsa take cikin Gmail da wayar Android zai ji daɗin Chrome saboda komai yana biye da shi daga waya zuwa kwamfuta. Ni dai na fi karkata ga Firefox, kuma dalilina ɗaya ne mai ƙarfi: har yanzu tana karɓar cikakkiyar uBlock Origin, mai toshe tallace-tallace, alhali sauyin dokokin da Chrome ta fara aiwatarwa a 2024 ya bar masu amfani da ita da ƙaramar siga kawai. Toshe talla ba don ƙyashin masu shafi ba ne. Tallan ƙarya mai cewa kwamfutarka ta kamu, danna nan, yana daga cikin manyan hanyoyin da ake yaudarar mutane.

Manhajar rubutu da lissafi ita ce inda ya kamata a zauna a yi tunani sosai, domin a nan ne zaɓuɓɓukan suka sha bamban da gaske. Microsoft 365 haya ce, ana biya duk wata ko duk shekara, kuma tana zuwa da wurin ajiya na terabayit 1 a OneDrive. Tsarin iyali yana ɗaukar mutum shida, kowa da nasa terabayit ɗin, wanda hakan ya sa ta fi dacewa da gida mai ɗalibai da ma'aikata da yawa. Aibinta shi ne ranar da aka daina biya, za a iya buɗe takardu a karanta amma ba za a iya gyara su a cikinta ba. Office 2024 kuwa saye ne na sau ɗaya don kwamfuta ɗaya, ba ta samun sababbin fasahohi sai gyaran tsaro, shi ma na 'yan shekaru. LibreOffice, wadda ta ɓalle daga OpenOffice a 2010, kyauta ce gaba ɗaya, ba ta neman asusu, ba ta neman intanet, kuma tana buɗe fayilolin Word da Excel tana adana su. Inda take tuntuɓe shi ne takarda mai ƙawa da yawa: ka karɓi fom mai jadawali a cikin jadawali, ka buɗe, sai ka tarar layin sa hannu ya zame ya faɗa shafi na gaba, ko lissafin da aka sarrafa da ƙananan umarnin Excel ya ƙi motsi. Google Docs tana gudana a cikin burauza, babu kamarta idan mutum biyu ko uku suna gyara takarda ɗaya, amma ta fi jin daɗin aiki inda intanet ba ya yankewa. Tambayar da za ta raba gardama ita ce, wa kake aika wa takardunka? Idan ofis ne ko makaranta da ke mayar maka da su cike da gyare-gyare, ka biya kuɗin Word ka huta. Idan wasiƙu ne da lissafin gida da aikin makarantar yara, LibreOffice ta wadatar, sai dai a saba da mayar da takarda PDF kafin a aika, don ta isa yadda aka tsara ta.

Ga mai rubutu da Hausa akwai ƙarin aiki na minti biyar da bai kamata a tsallake ba. A cikin saitin harshe na Windows akwai tsarin madannai na Hausa mai ɗauke da ƙ da ɗ da ɓ, akwai kuma manhajar Keyman ga wanda yake son wani tsari dabam. A gwada salon haruffan da aka zaɓa, domin wasu ba su da haruffa masu lanƙwasa, sai su aro daga wani salo rubutun ya fito a karkace. Salon Noto da na Charis suna da su cif.

Kalmomin sirri ma suna bukatar ma'aji, domin babu ƙwaƙwalwar da za ta riƙe kalma dabam ga kowane shafi, kuma maimaita kalma ɗaya yana nufin idan an fasa shafi guda an fasa duka. Bitwarden tana da tsari na kyauta da ke aiki a waya da kwamfuta tare, 1Password ta kuɗi ce kuma ta fi sauƙin sha'ani ga iyali, KeePassXC kuwa tana ajiye komai a fayil ɗaya a kan na'urarka, wanda hakan ya ɗora maka nauyin kula da shi. Satar da aka yi wa LastPass, wani ma'ajin kalmomin sirri, a 2022, inda masu kutse suka kwashe rufaffun ma'adanan jama'a, ta nuna cewa tsawon babbar kalmar sirrin da ke buɗe ma'ajin shi ne katanga ta ƙarshe, don haka a yi ta da kalmomi huɗu ko biyar da ba su da alaƙa da juna.

Sauran ƙananan kaya ba sa bukatar dogon bayani. VLC tana kunna kusan kowane irin bidiyo da sauti, 7-Zip tana buɗe dunƙulallun fayiloli, kuma kowace burauza ta zamani tana karanta PDF. Abin lura shi ne inda ake ɗauko su. A je shafin masu manhajar kai tsaye ko Microsoft Store, kada a danna sakamakon farko na bincike idan an rubuta talla a jikinsa. Lokacin girkawa kuma a karanta kowace taga kafin a wuce, domin a can ƙasa, da ƙananan haruffa, sau da yawa akwai ɗan akwati da aka riga aka yi wa alama, wanda yake ba da izinin a ƙara wata manhaja ko a sauya shafin farko na burauza. Manhajar sata da aka fasa makullinta kuwa, wadda umarninta na farko shi ne a kashe riga-kafi, ba araha ba ce. Wanda ya fasa ta ba don Allah ya yi ba. Haka masu alƙawarin wanke kwamfuta ko ƙara mata gudu ko sabunta direbobi, wato ƙananan manhajojin da ke tafiyar da sassan na'ura, Windows tana yin waɗannan ayyuka da kanta.

Yanzu ga inda nake roƙon mai karatu ya kashe kuɗinsa. Na taɓa zama gaban kwamfutar wata ƙanwata, faifanta yana wani ƙara ƙas-ƙas kamar agogon bango, a cikinsa akwai hotunan shekaru da kundin karatunta da ya kusa kammaluwa, kuma duk dabarar da na sani ban iya ciro ko fayil ɗaya ba. Tana da riga-kafi na kuɗi, ba ta da kwafi ko ɗaya. Ƙa'idar da masana suka daɗe suna bi ita ce kwafi uku, a kan nau'in ma'aji biyu, ɗaya daga ciki a wajen gida. Faifan waje mai juyawa ya fi araha idan ana son wuri mai yawa, amma faɗuwa ɗaya tana iya kashe shi. SSD, faifan da ba ya juyawa, ta fi sauri da jure girgiza, ta fi kuma tsada. Filas kuwa na ɗaukar fayil ne daga nan zuwa can, ba na dogon ajiya ba. A sayi faifan waje wanda girmansa ya ninka abin da ake da shi sau biyu, a haɗa shi da File History, mai yin kwafin fayiloli, da ke cikin Windows. Kwafin waje kuma shi ne ma'adanar intanet, inda Google yake ba da gigabayit 15 kyauta da ake rabawa tsakanin Gmail da Drive da hotuna, OneDrive kuma gigabayit 5, waɗanda za su ɗauki takardu amma ba za su ɗauki bidiyon shekaru ba. A sani cewa waɗannan ma'adanai madubi ne: abin da aka goge a kwamfuta yana gogewa a can, kuma kwandon shararsu kwana 30 yake riƙe shi. Shi ya sa faifan waje bai da madadi, kuma a riƙa zare shi bayan an gama kwafi, domin manhajar da ke kulle fayiloli don neman fansa tana bin duk abin da ta tarar a haɗe. A makon farko, a goge wani fayil marar amfani da gangan, sannan a gwada dawo da shi daga faifan, don a ga da ido cewa kwafin yana aiki kuma an san hanyar da ake bi.