Furesha ko silo kuka: wacce za ki saya don murƙusasshen dankali?

Wa alaikumus salam 'yar uwa. Kin tambaye ni tukunyar da ta fi dacewa ki saya don yin murƙusasshen dankalin turawa. Tsakanin tukunyar furesha, mai kulle tururi ta dafa abinci da sauri, da silo kuka, wato tukunyar lantarkin nan mai dafa abinci a hankali, ni dai furesha zan ce ki ɗauka. Duka biyun ina da su a kicin.

Furesha ce ta fitar da ni kunya a azumin bara. Bayan la'asar dangin maigida suka sauka ba sanarwa, da tsohuwar da haƙoranta ba sa son abu mai tauri. Na fere dankalin turawa kusan kilo biyu, na yanka shi manya-manya daidai da juna, na zuba ruwa kofi ɗaya da rabi da gishiri, na ɗora a gas. Daga lokacin da ta fara huci, minti 8 zuwa 10 ya isa. Na kashe, na bari iskar ta sauka da kanta kafin in buɗe. Na tsiyaye ruwan tas, na mayar da shi kan wuta kamar minti ɗaya don ya sha iska, sannan bota, sannan madara mai ɗumi kaɗan-kaɗan ina murƙushewa da muciya. Kafin a kira sallah an jera shi da miyar kaza. Tsohuwar nan sai da ta ce a ɗiba mata ta tafi da shi na sahur.

Abu ɗaya, kada ki kuskura ki sa shi a bilenda. Yawancin dankalin da ake kawo mana daga Jos, na Bokkos da Mangu, yana da ɗanko, kina markaɗa shi da inji zai koma kamar gam. Muciya ko cokali mai yatsu, kuma da ya yi laushi ki tsaya.

Silo kuka kuwa, ba zan ci amanarta ba, tana yi: awa 3 zuwa 4 idan an ƙure mata wuta, tana riƙe abinci da zafi, kuma ba ta jan lantarki sosai, don haka mai sola ko inbata za ta ji daɗinta. Amma a unguwarmu wa ya ba ki wutar awa huɗu a jere? Sau biyu aka ɗauke min ana tsakiyar dahuwa, na dawo na tarar da dankali bai nuna ba, ya canja launi yana kallona. Tun ranar take saman kabat.

Ba ki tambaya ba, amma ki kula da 'yan kasuwa. Masu sayar da na gwanjo suna shigo da silo kuka na Amurka mai wuta 120, mu kuwa tamu 230 ce. Kina jona ta kai tsaye ta ƙone, mai shago ya ce ai ke kika lalata. Ki kifa ta ki karanta abin da aka rubuta a gindinta, ki kuma duba kaskon ciki ko ya tsage. A furesha ma akwai ha'inci. Za a ce miki 'yar Jamus ce lita 7, ki je gida ki auna ki ga biyar. Ki ɗaga ta ki ji nauyi, ki duba robar murfin ba ta bushe ba, ki tabbatar ramin da iska ke fita a buɗe yake, sannan ki tambaya ko ana samun robar canji, don ita ce ke fara mutuwa.

Ki sayi lita 6, ta ishi gida mai mutum shida zuwa takwas, har da wake da ganda. Kada dai ki cika ta fiye da kashi biyu cikin uku, wake kuma rabi.