Modem na ciki ko na waje: amsa ga mai tsohuwar kwamfutar da ta daina ganin katinta

Ɗan'uwa, barka da ƙoƙari. Ka ce kana da tsohuwar kwamfuta mai Windows 98 da kake aika faks da ita ta layin tarho, ka sake zuba mata Windows, tun daga ranar ta daina ganin modem ɗin da ke cikinta, wato katin da ke haɗa ta da layin tarho. Ka cire katin ka mayar har sau uku, shiru. Tambayarka: ka ci gaba da fama da na ciki, ko ka nemi na waje?

Abu ɗaya a bayaninka ya ja hankalina: modem ɗin yana aiki har zuwa ranar da aka sake Windows. Kati ba ya ƙonewa don an sake manhaja. Zatona mai ƙarfi shi ne katinka lafiyarsa lau, abin da ya ɓata shi ne direbansa, wato ƙaramar manhajar da ke gabatar da shi ga Windows. Don haka kada ka yi saurin jefar da shi.

Sai dai "na ciki" iri biyu ne, kuma ciwonsu ba ɗaya ba. Kashe kwamfutar, zare filogi, buɗe akwatin ka dubi ramin da katin yake ciki. In rami ne baƙi dogo, ISA ke nan. In fari ne gajere, PCI ne.

Katin ISA galibi cikakken modem ne, yana yin aikinsa da kansa, kwamfuta kuma tana kallonsa tamkar wata kafar siriyal da aka ƙara mata, wato irin mahaɗar da ake jona linzami ko modem a bayan kwamfuta. A nan rigimarsa take. Kafofin nan huɗu ne, COM1 zuwa COM4, amma lambar kiran da suke jan hankalin kwamfuta da ita, wadda ake ce wa IRQ, biyu ce kacal a tsarin asali: COM1 da COM3 suna raba lamba 4, COM2 da COM4 suna raba lamba 3. To, in linzaminka na siriyal ne yana kan COM1, modem kuma an saita shi a COM3, sun zama kishiyoyi a ɗaki guda. Wani lokaci modem ya ɓace, wani lokaci linzamin ya daskare da zarar an fara kira. A jikin irin wannan kati za ka ga wasu 'yan hulunan roba a kan ƙananan fil na ƙarfe, da ɗan jadawali da aka buga kusa da su. Da su ake zaɓar kafa da lamba. Hanyar da na fi yarda da ita ita ce ka mayar da katin COM2 da lamba 3, sannan ka shiga BIOS, wato shafin saitin kwamfuta da ake shiga kafin Windows ta tashi, ka kashe kafar siriyal ta biyu ta madabod, babban allon da katunan ke zama a kai, don kada su biyu su yi da'awar adireshi ɗaya, 2F8. In BIOS ɗin yana da shafin rabon IRQ, ka keɓe lamba 3 ga Legacy ISA, domin kada ya ba wani katin. Ka kuma duba agogon kwamfutar: in yana komawa wata tsohuwar shekara duk lokacin da aka kunna, ɗan batirin nan CR2032 ya mutu, kuma duk saitin da ka yi zai goge da an ɗauke wuta.

Katin PCI kuwa, wanda nake zargin shi ne naka, yawancinsu rabin modem ne. Tun wajajen ƙarshen shekarun 1990 masu ƙera su suka rage kayan da ke jikin kati, suka ɗora aikin a kan firosesar kwamfuta ta hanyar manhajar da ke aiki a Windows. Shi ya sa ake ce musu Winmodem. Irin wannan kati in babu direbansa, ba shi da kafar COM ko ɗaya, don direban ne ke ƙirƙiro ta. Ka iya sa Windows ta nemi modem sau ɗari, za ta ƙwanƙwasa COM1 da COM2, ba mai amsawa, ta ce maka ba ta samu ba. Amma ba ta ce katin ba ya nan ba. Shiga Device Manager, inda Windows ke jera na'urorin kwamfuta, ka duba ƙarƙashin Other devices. In ka ga alamar tambaya ruwan ɗorawa da rubutun PCI Communication Device, to albishirinka: an ga katin, sunansa ne ba a sani ba.

A nan mutane da yawa ke ɓata kwanaki, suna neman direba da sunan da ke jikin kwali. Direba yana bin cip ne. Ka karanta rubutun da ke kan babban baƙin cip ɗin katin: Lucent, Rockwell ko Conexant, PCTel, Motorola, ESS. In takarda ta rufe shi ko rubutun ya goge, buɗe Regedit, manhajar duba rajistar saitin Windows, ka bi HKEY_LOCAL_MACHINE, Enum, PCI. A sunayen da za ka gani a can, lambar da ke bayan VEN ita ce ta kamfanin: 11C1 Lucent ne, 127A Rockwell, 14F1 Conexant, 134D PCTel. Da wannan lamba da wadda ke bayan DEV za ka nemi direba na Windows 98 takamaimai, domin na Windows XP ba lallai ya hau ba. In kuma ka riga ka gwada direbobi barkatai, shiga Safe Mode, yanayin gyara na Windows, ta danna maɓallin F8 lokacin da kwamfutar ke tashi, ka goge duk ragowar modem da ke jere a Device Manager, kafin ka sa na gaskiya.

In ba alamar tambayar fa? Yawancin kwamfutocin wancan zamani suna nuna jerin katunan PCI na ɗan lokaci kafin Windows ta tashi. Danna Pause ka karanta a natse. In babu wani abu mai kama da na'urar sadarwa a jerin, maganar ta wuce Windows. Goge haƙoran zinaren katin a hankali da abin goge fensir, ka sauya masa rami, ka guji wanda ke maƙwabtaka da katin hoto na AGP don sukan raba IRQ, sannan ka kunna Reset Configuration Data a BIOS sau ɗaya. Ramuka biyu suka ƙi shi, ka yi masa sallama.

Yanzu ga na waje, mai shiga kafar siriyal ta bayan kwamfuta. Duk wannan dogon bayani da na yi, kusan babu abin da ya shafe shi a ciki. Ba ya neman sabuwar IRQ, ta kafar da aka jona shi yake amfani da ita. Cikakken modem ne, don haka ko ba ka da faifansa, ka zaɓa masa ɗaya daga Standard Modem Types da ke cikin Windows ya yi kira, ko da yake manhajar faks ta fi jin daɗin direbansa na ainihi. Yana aiki a DOS, yana aiki a Linux, wuraren da Winmodem ke zama gunki ko ya wahalar da kai kafin ya motsa. In ya rikice a tsakiyar kira, maɓallinsa ka kashe ka kunna. Na ciki sai ka sake tayar da kwamfutar gaba ɗaya.

Amma abin da ya sa nake ƙaunarsa shi ne fitilun gabansa. Na ciki in ya ƙi, kana lalube ne a duhu. Na waje yana gaya maka inda aka tsaya. Buɗe HyperTerminal, manhajar Windows da ake rubuta wa modem umarni da ita, jona kai tsaye da kafar da modem ɗin yake kai, misali COM1, rubuta AT ka danna Enter. Wannan yare ne da modem suka gada daga Smartmodem na kamfanin Hayes na 1981. Fitilar SD ta ƙyafta, saƙonka ya isa gare shi. RD ta ƙyafta, OK ya fito a allo, ya amsa. Ka rubuta ATDT da lamba, fitilar OH ta kama, ya ɗaga layi, ka ji ƙarar da kunnenka. In SD ba ta motsa ba sam, ka san laifin kebul ne ko kafa, ba sai ka taɓa sukurudireba ba.

Shi ma yana da nasa. Yana buƙatar adaftar wuta tasa, kuma tsofaffin nan sau da yawa an rabu da adaftarsu. Kada ka cusa masa duk wadda bakinta ya shiga: karanta abin da aka rubuta a ƙasansa, don wasu AC suke ci, ba DC ba. Kebul ɗin ma dole ya zama miƙaƙƙe na modem, sau da yawa mai fil 9 a gefen kwamfuta da 25 a gefen modem. Akwai wani mai kama da shi sak da ake haɗa kwamfuta biyu da shi, wayoyinsa a harɗe suke, ba zai yi ba. Kuma ka yi hattara da na USB. A waje yake, gaskiya, amma da yawansu Winmodem ne da aka sa wa riga, ka koma gidan jiya wajen neman direba.

Batun gudu kada ya dame ka. Na ciki da na waje in duk V.90 ne, ƙa'idar gudun modem ta 1998, iyakarsu ɗaya, faks kuwa galibi a bit 14,400 a daƙiƙa yake tafiya. Bambancin kawai, Winmodem yana cin ƙarfin firosesa, tsohuwar kwamfuta kuma tana jin nauyin. Haka nan in Windows ta ga modem amma tana ba ka kuskure mai lamba 680, wannan wata magana ce daban: ba ta jin sautin layi. Duba ko wayar tana ramin LINE ba PHONE ba, ka gwada layin da tarho. In layin lafiya yake, mai yiwuwa tsawa ta bi waya ta ƙone ɓangaren katin da ke fuskantar layi, direba kuma ba ya maganin wannan.

Da ni ne, yamma ɗaya zan ba na ciki. Alamar tambaya ta bayyana, zan nemi direbansa in ajiye kwafi a faifai tare da na Windows, don kada a maimaita. BIOS bai gan shi a ramuka biyu ba, ko direban ya gagara samuwa, na siriyal zan nema da adaftarsa da kebul ɗinsa a haɗe. In ka buɗe akwatin, rubuto mini launin ramin da abin da ke kan babban cip ɗin, mu duba tare.