Ramin da ke zuciyar Baban Yara, shekara 57 ba mu sani ba

Yaya Hajiya salamu alaikum, kin ce in ba ki labarin aikin da aka yi wa Baban Yara, to ga shi.

Kin dai san tun muna Kano yadda yake haki in ya hau bene, wannan ya ce asma ce wancan ya ce hawan jini, inhela kam mun saya har mun gaji. Ashe rami ne a bangon da ya raba ɗakunan sama biyu na zuciya, da shi aka haife shi, ASD suke ce masa. Shekara 57 jini na tsallakawa daga hagu zuwa dama har ɓangaren daman ya faɗaɗa. Eko kawai aka yi masa nan Birmingham, sikanin nan da ake shafa jel a ƙirji, ina zaune na ga jinin da idona a allo, ja da shuɗi, yana bi ta ramin. Wallahi Yaya sai da na yi kuka, don eko ɗin nan fa akwai shi a Kano, kawai ba a samu wanda ya ce mu je mu yi ba ne.

Ba su tsaga ƙirji ba. Ta jijiyar saman cinya suka zura wani siririn bututu har zuciya suka buɗe wani abu kamar 'yar lema mai fuska biyu ya toshe ramin, kwana ɗaya aka sallame mu, sai asfirin na wata shida. Likitan ya ce da ramin ya cika girma ko babu gefen da lemar za ta kama, to sai an buɗe ƙirji.

Ko kwabo ba a karɓa a asibiti ba amma kar ki ce kyauta ce, fam 1,035 kowannenmu ke biya na lafiya duk shekara a kuɗin biza, ga jira, wata takwas muna zuba ido ga wasiƙar asibiti ta ranar aikin. A gida da wataƙila sai mun sai da fili mun nufi Indiya ko Masar. Sai dai nan ba 'yan dubiya, ba mai shigowa da kunu a fulas, ni kaɗai ce a kujera har dare.

Yanzu yana hawa benenmu bai tsaya ba, Alhamdulillah. Don Allah hakin nan na Gwaggo da ake ta cewa tsufa ne, ki kai ta a yi mata eko, zan turo kuɗin ranar Juma'a in sha Allah.